Aljanin da Ke Cikin Kunnena

Sharada, Kano

Zuwa ga 'yata Shifa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana sarkin kuka. Mu nan kowa ƙalau, in aka cire tsohonki.

Kin san ni ke jan sallar azahar a ɗan masallacin kamfaninmu na robobi, ba don ilimi ba, don furfura. To, ran Talata na kai goshi ƙasa, sai duniya ta hau juyawa kamar injin niƙa roba. Na dubi hannuwa biyu a kan tabarma, na rasa na wane ne. Wallahi kamar na aro gangar jikin wani ƙato, ni kuma ina gefe ina kallonsa yana kifewa. Da na dawo hayyacina, bakin nan nawa da ba ya hutu ya ce wa jama'a jikin nan ba nawa ba ne, a nemo mai shi.

Shi ke nan fa. Kamilu mai gadin ƙofa, wanda ya daɗe yana hararar gurbina, ya yanke hukunci wai aljani ne, tunda sai a sujada yake tashi. Mutumin da ko Ƙulhuwallahu sai ya yi tuntuɓe a cikinta, yau shi ne likitan aljanu. Suka turara ni da hayaƙi har na koma kifi banda. Yanzu in na shiga sahu, sai a bar mini fili kamar mai ƙazuwa.

Ki gaida kowa. Naki,
Baba Uwaisu

Zuwa ga Shifa'u,

Assalamu alaikum. Ya jikin yaron, haƙoran sun fito? Na je asibitin da kika matsa mini. Likitar sa'arki ce. Ta ce can cikin kunne akwai wani abu kamar ma'aunin magina mai ruwa, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa. In ya rikice, abin da ido ya gani da abin da jiki ya ji sai su saɓa, har mutum ya ji jikinsa ya zame masa baƙo. Nawa wasu 'yan tsakuwoyi ne suka goce daga mazauninsu. Ta kwantar da ni, ta yi ta juya kaina kamar mai zaɓen kankana. Aljanin Kamilu ashe bai kai ƙwayar gero ba.

Na kai wa 'yan masallaci bayani. Kamilu ya ce ai aljanu ma ta kunne suke shiga, shashashan suka gyaɗa kai. Limanci dai ya tafi, kuma ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini ciwo.

Jiya na bi Kamilu sallah a sahun baya. Na sa goshi a ƙasa, na jira ƙaton nan ya dawo. Bai zo ba. Tsinken tabarma ya soki goshi, kuma ni ya soka. Na daɗe ban ɗago ba, har na kusa da ni ya fara ja da baya. Su riƙe limancinsu.

Allah ya yi miki albarka.
Ubanki, shi da jikinsa,
Uwaisu