Ranar da Na Kai Takwararki Gonar Doya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma tsoro ne ya cika min ciki, kuma ba ni da wadda zan faɗa wa sai ke.

Kin rasu ana raɗe-raɗin gwamnati za ta bar Ikko, kina cewa zance ne kawai. To, Inna, ta tashi. Ofishin su baban Ummi ya dawo Abuja, gidajen ma'aikata ba su ishi kowa ba, muka kama haya a Jikwoyi wurin wani dattijo Bagwari, Baba Danjuma. Gonarsa ta doya tana bayan ɗakinmu.

Kin san takwararki Ummi 'yar Agege ce, haihuwar Ikko, a kasuwa ta san doya. A nan idan sun binne iri a tudun ƙasa, sai su ɗora masa 'yar hular ciyawa don kada rana ta dafa shi. Ummi ta ga huluna a jere, ta bi ta tsince su, wai za ta yi wa 'yar tsanarta rufin ɗaki. Kafin a lura, rana ta ƙone irin layi guda.

Ba ɓarnar ce ta firgita ni ba. Da Baba Danjuma ya zo tambaya, Ummi ta dube shi, ta dube ni, ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta ce Ladi ta gani tana cirewa. Ladi jikarsa ce, ƙawarta, wadda suke cin tuwo a kwano ɗaya. Ina ɗaki ina jin ihun yarinyar nan ana dukanta, har ina cewa Allah ya shirya. Da yamma na je ɗiban ruwa, sai ga hulunan jibge a bayan randa.

Inna, ashe Ummi ce. Yarinyar da ko famfara ba ta gama ba! Zuciyata ta ce in zuba su a murhu in yi shiru. Mu baƙi ne, mutanen nan kuma suna cike da haushi, don gonakinsu ake ta karɓewa ana gini. In Baba Danjuma ya kore mu, ina muka nufa? Sai na ji muryarki kamar kina tsaye a kaina: "A gidana ana yafe ɓarna, amma ba a yafe ɗora ta a kan wani."

Na zuba hulunan a faranti, na ɗora wa Ummi a ka, na tasa ta gaba zuwa gona wurin Baba Danjuma. Tana kuka tana riƙe min zane, ni ma ban san me zan tarar ba. A gaban Ladi, da shatar bulala a ƙafarta, ta faɗi gaskiya da bakinta.

Tsohon ya dubi hulunan da ke cikin farantin. Can ya ce da Hausarsa, "Yarinya shi ya cire, shi zai mayar." Yanzu kullum da safe tana gona tana ɗora ciyawa, har sai sabon iri ya tsiro. Tafin hannunta ya yi kanta. Ladi kuwa ta daina shigowa gidanmu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya ina yi mata tsifa, ta tambaye ni a hankali, in ta sake yin laifi ta faɗa min, zan sake kai ta gaban mutane? Na ce mata e, in laifin nasu ne. Sai ta sunkuyar da kai. Inna, ban sani ba ko gaskiya na koya mata ko iya ɓoyewa. Ke kin san yadda ake gane bambancin a fuskar yaro, ni kuwa ina kallon fuskar 'yata na kasa karanta ta.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Ita kuma wadda ta ci sunanki, Allah ya sa in ta yi kuskure, wurina za ta fara gudowa.

'Yarki mai kewarki,
Binta