Labarin da Malama Asabe Ta Yaga

Alhamis, bayan isha'i

Yau Malama Asabe, mataimakiyar shugaban makaranta, ta yaga labarin da na rubuta wa ƙungiyarmu ta 'yan jarida. Laifina kawai, na ce sati uku ke nan babu ruwa a banɗakin 'yan mata, har wasu ba sa zuwa makaranta in suna al'ada.

"Ke Hauwa, karanta sakamakon ƙwallo kawai, ki rufa mana asiri," in ji ta.

Na ce, "To, Malama." Amma har keke ya sauke ni unguwarmu Gwallaga haushi bai sake ni ba.

Gobe ni ce mai karanta labarai a asambuli. Na sake rubuta labarin da ta yaga, na haddace tsaf. In sun ga dama su cire ni daga ƙungiyar, amma sai bayan kowa ya ji.