Ƙanina Ya Ci Mutuncina a Bakin Tanderu

Malam, a taimaka mini da shawara, ko da yake na daɗe da daina sa rai da shawarar kowa.

Na yi karatu lokacin da karatu yake da daraja. Yau fulawa nake aunawa a gidan burodi, kuma ƙanina ne ya roƙar mini aikin. Shi a bakin tanderu yake. A wurin, duk wanda rigarsa ta bushe da tsakar rana, ya daina zufa, sai a ce jikinsa ya nuna, a bar masa bakin wuta, saura su fita shan iska. Ran nan haka suka yi wa ƙanina, har da tafi. Na ga yana tangaɗi, na ce ya zauna. Ya juyo da ido jajawur, ya ce ni kaya ne a wuyansa, takarduna ko burodi ba za su naɗe ba. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, sai Yaya. Daga nan ya faɗi, jikinsa kamar murfin tanderun. Wasu suka ce ƙwaya ya sha, mai gidan ya ce zazzaɓi ne, a lulluɓe shi da buhu. Direbanmu ne ya kai shi asibiti.

Ya samu sauƙi. Matarsa ta ce bai tuna komai ba. Ban je duba shi ba. A ganina zafi bai ƙirƙiri maganar nan ba, ƙofa kawai ya buɗe mata. Yanzu an ce zai koma bakin wuta mako mai zuwa. In hana shi, ko in ci gaba da awona?

Mai Awo

Baba Mai Awo,

Maganar ta yi ciwo, ban musa ba. Amma abin da ka bayyana bugun zafi ne, kuma ruɗewa da zagi suna cikin manyan alamunsa. Ƙwaƙwalwar da ta yi zafi haka ba ta zaɓen kalma. Ko da akwai gajiya a ransa, aikin da ya nema maka, da hankalinsa ya yi shi.

Al'adar nan taku za ta kashe mutum. Bushewar zufa cikin zafi alama ce jiki ya gaza, wani ma yana cikin zufar zai faɗi. Duk wanda ya fara tangaɗi ko sambatu, a fitar da shi inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, a garzaya asibiti. Kada a lulluɓe shi, kada a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa.

Wanda abin ya taɓa kayarwa ya fi saurin sake faɗuwa. Kada ya koma sai likita ya yarda, kuma a hankali, ana karɓa-karɓa, ruwa a kusa. Mai gida ba zai gaya masa haka ba. Je ka duba shi yau, ka ajiye fushin sai ya warke sarai. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sanyaya maka zuciya.