Baƙar Wayar Gidanku

Zuwa ga Suwaibatu, sanyin idona, inuwar darbejiyata a zafin Gombe, ruwan randar da nake sha in manta gajiya.

Bayan gaisuwa, tsoro ne ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna jiya bayan la'asar, muna zance a zauren gidanku, ƙwan lantarki ya haska kamar zai fashe? Kika yi dariya, kika ce yau a unguwar Bolari an samu cikakkiyar wuta, bari ki yi guga. Na ce kada ki yi, kika ce ni ko farin wata na gani sai na ce wayarsa ta kwance. Na biye miki muka yi dariya, amma da na fito na ga ƙwan shagon maƙwabcinku ya yi ja kamar garwashi, sai gabana ya faɗi.

Masoyiyata, wannan ba cikar wuta ba ce! Aikin wayarin, wato haɗa wayoyin lantarki, shi ne abincina, ki yarda da ni. Jar waya ke kawo wuta. Baƙar, wadda muke kira nutural, ita ke mayar da ita inda ta fito. Kowa raina ta yake, wai ba ta ja. Amma in ta tsinke a kan falwaya, wutar sai ta rasa hanyar komawa, ta yi wa wani gida yawa, ta ƙaurace wa wani, ta bi jikin firji da dutsen guga tana neman ƙasa. Wa ya fi kusa da ita in ba hannunki mai lalle ba, ke da kike guga ba takalmi? Wayyo Suwaiba! Ko abinci na kasa ci.

Don girman Allah ki kashe babban makunnin gidan. Kayan su yamutse, ni a haka ma kin fi kowa kyau.

Na kai rahoto ofishin wuta, amma zuciyata ba za ta iya jira ba. Na san mai neman aure ba ya wuce zaure. Duk da haka yau zan zo da kayan aikina, in durƙusa gaban Babanki, in roƙi shiga har cikin gida don in duba wayoyinku. Ina tsoron ya ce ba ni da kunya, ya hana ni ke. To, ya hana. Gara in riƙa jin labarinki a gidan wani, kina raye.

Naki, ko an ba ni ko an hana ni, har ƙarshen numfashina,
Joda