Saki Uku Ga Soyayyiyar Kaza

Yu Tumini, yayata,

Gaisuwa daga Johor, nan ƙasar waje inda nake aiki. Ya ƙafar tsohuwarmu, ya yara? A sanar da mutanen garinmu Wonogiri cewa ƙaninki ya yi wa soyayyiyar kaza saki uku.

Lafiyata ƙalau, jinina ne kawai ya ɗan hau. In bai sauka kafin gwajin lafiya na kamfani ba, gida za su turo ni. Likitan, yaro ƙarami, ya ce, "Pak Darmaji, ka koma cin tempe da dafaffen ganye." Ki ji fa, waken suyan da na ƙetare teku don in huta da shi.

Kada ki gaya wa tsohuwa, dariya za ta yi har ta ƙware. Ki dai aiko mini da dakakkiyar gyaɗarta ta kwaɗon ganye, wanda nake kira cimar awaki. Ashe awakin sun fi ni karatu.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Darmaji