Madubin da Aka Bari Fari

Zuwa ga Hajiya, uwar Sadiya,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan makwancinki da sanyi. Ni ne dai, ina nan Guangzhou ta ƙasar Sin inda kika bar ni. Ƙara na kawo, kuma ba ta yau ba ce. Shekara da shekaru kin ba ni baya, har yau babu wanda ya ce mini ko sannu.

Kin tuna 'yar Japan ɗin nan mai koyon zane, wadda kika raɗa wa Talatu don ran Talata take zuwa cin tuwonki? Siririya, takalminta duk ya huje. Tsakiyar 'yan kasuwar Kano take zama, tana fama da miyar kuka da 'yan tsinkayenta na cin abinci. Ta ce a ƙasarsu akwai masu zanen da ba su da aiki sai zana kyawawan mata, ita ma hanyar ta kama, kuma da ke take so ta fara.

Na ce fuskar matata ba ta kallon duniya ba ce. Haka na ce, kuma ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Kika yi dariya kika ce, "Alhaji, kishi har da furfura?" Sai yarinyar ta ja kujerarta ta koma bayanki. Ta zana ƙeyarki, da ɗaurin ɗankwalinki mai karkata hagu, da hannunki riƙe da madubi kina saka kwalli. Cikin madubin kuwa ta bar shi fari fat.

To Hajiya, zanen nan shi ya ɗaga ta. Yaranmu na jami'a sun nuna mini a waya. Yanzu babba ce a ƙasarsu, a kan siliki take zane, layi ake yi a gani. Duk matan da ta zana daga baya babu mai fuska, kowacce ta juya, wai salonta ke nan. Salon da ni na ba ta da bakina.

Watan jiya na gan ki a kasuwar Shisanhang. An kwaikwayi zanen an buga a rigunan mata, ga ki nan a rataye jere-jere. Na yi tsaye har masu turin kaya suna daka mini tsawa. Na tambayi mai shagon ko akwai wadda ta juyo. Ko kallona bai yi ba ya ce mei yo da yarensu, wato babu.

Ga abin da ban faɗa wa Sadiya ba. Fuskarki ta fara guje mini. Muryarki tana nan, har tarinki na asuba ina ji, amma in na rufe ido ƙeyar nan kawai nake gani. Wayar da hotunanki ke ciki ta daɗe da mutuwa. Saura hoton fasfo, inda aka hana ki murmushi. Wannan ba ke ba ce, wata mata ce mai jiran biza.

Ita Talatu ai ta ga abin da ke cikin madubin. Na sa an rubuta mata da Turanci, an rubuta da yarensu, shiru kake ji. Wa ya ce ta bi maganata? Ke kanki yaushe kika taɓa bin ta duka? Ranar ce kaɗai kika zauna inda na ce. Da kin juyo mana.

Mairo. Ga shi na kira sunan, wanda ban taɓa kira a gaban mutane ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amma kafin nan sai an amsa mini. Ko ke a mafarki, ko Talatu, ko wani cikin masu karanta wannan da ya san ƙofar gidanta. A cika mini madubin nan tun ina da sauran ido. Dariya kike yi a ciki, ko fushi kike da ni?

Mijinki da bai gaji da jira ba,
Alhaji Ɗanlami