Zanen da ke Ƙasan Akwati

Lafia, ranar Litinin

Baba Akaa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Kwandere, yaya kunnen? Tunda waya ta gagare mu, ga takarda ta hannun Jafaru mai okada.

Baba, albishirinka! Cikin saƙarku ta ƙabilar Tibi da Jafaru ya kwaso mini daga akwatinka ranar da kake asibiti, akwai wani zane da ban taɓa ganin irinsa ba. Baƙin ya yi baƙi, farin ya yi fari, ga laushi. Na yanka shi na ɗinka jakunkuna, ko kwana biyu ba su yi a shago ba. Wata mai kanti a Abuja ta kwashe, har ta ba da odar wasu. Na ƙara ɗaukar 'yan mata biyu aiki, mai sayar mana da fata sai washe baki yake. Ashe kana da irin wannan hannu kake ɓoye mini? A ƙaro, don Allah.

'Yarka,
Dijatu

Kwandere

Dijatu 'yata,

Na gaishe ki da aiki. Kunne yana nan yadda kika san shi.

Na ji daɗi yara sun samu abin yi. Amma wancan zane ba na kasuwa ba ne. Ku Musulmi farin yadi kuke sa wa mamaci, shi ya sa ba ki gane ba. Mu Tibi kuwa da wannan saƙa ake rufe dattijo idan ya rasu. Na saƙa shi tun hannuna bai fara rawa ba, na sa a ƙasan akwati domin ranar tafiyata. Jafaru ba shi da laifi, ni na ce ya ɗauki abin da ke ciki.

Ba zan iya irinsa ba kuma. Abin da ke damuna ɗaya ne: masaƙi guda a rufe shi da bugun inji na kasuwa. Mutanen coci za su yi gulma, ni kuma ba bakin ramawa.

Ki ci abinci, na san halinki.

Akaa

Lafia

Baba,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Tun da na karanta takardarka nake kuka. Kai ka ba ni saƙa lokacin da keken ɗinki ɗaya gare ni, ga sakayyar da na yi maka da almakashi.

Na kira matar Abuja, ta ce an sayar da su duka, wata jakar ma ta haye jirgi. Ƙyallaye kawai suka rage, ga su nan na ƙulle a leda. Na zaga kasuwar Lafia kaf, ban ga wanda ya kama ƙafar naka ba. Na ce wa matar Abuja ta janye odarta. Ba zan iya sake sa almakashi a saƙarka ba.

Ka yafe mini.

Dijatu

Kwandere

'Yata,

Na gaishe ki. Share hawaye, ki kira matar nan ki karɓi odarki. 'Yan matan shagonki za su ci kuka ne? Zanena ya shiga jirgi, ni ko Abuja ban taɓa zuwa ba, na yi dariya sosai.

Ki zo ran Asabar da zare, baƙi da fari, ke za ki saƙa mini wani. A wurinmu maza ke zama a masaƙa, amma samarin duk sun hau okada. Hannu naki, ido nawa. Za ki ɓata zare da yawa kafin ki iya, zan yi ta faɗa.

Kada ki yi sauri. Sai kin gama zan tafi.

Babanki,
Akaa